Dattijo mai ciwon mayasteniya: a cire masa taimus ko a bar shi da magani?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi magana a kan wata shawara mai nauyi da takan faɗo wa wasu gidaje a Zariya da kewaye ba shiri. Likita ya ce Baba ko Inna na da ciwon mayasteniya girabis, kuma akwai batun a buɗe ƙirji a cire wani abu da ake kira taimus. Nan take gida ya rabu biyu. Wasu 'ya'yan su ce, "A yi aikin kowa ya huta." Wasu su ce, "Baba ya tsufa, ba zai iya ɗaukar wuƙa ba." Ƙauna ce ta sa kowannensu magana, amma duk sun tsallake tambayar da ya kamata a fara da ita: hoton ƙirji ya nuna ƙari a jikin taimus ɗin, ko bai nuna ba? A kan amsar nan hanya take rabuwa.

Tun da ciwon ba sananne ba ne, bari mu fara nuna kamanninsa. A ɗauki dattijo ɗan shekara 63 a Tudun Wada. Da asuba garau yake tafiya masallaci, ya karya kumallo lafiya lau. Kafin la'asar fatar idonsa ɗaya ta sauko ta rufe rabin ƙwayar, sai ya ɗaga haɓa sama kafin ya gane mai gaishe shi. Yana kallon liman ɗaya yana ganin biyu. Da daddare an kawo tuwo, lomar farko da ta biyu sun wuce, a ta biyar muƙamuƙi ya gaji, ya sa tafin hannu ya tallafe haɓarsa. Ya kurɓi ruwa, ruwan ya biyo ta hanci. Maganarsa ta koma ta hanci kamar mai mura. Ya kwana ya huta, da safe ya tashi kamar ba shi ba. Wannan zuwa da komawar ita ce babbar alama, kuma ita ce take sa wasu su ce tsufa ne, wasu su ce iska ce ko sammu, wasu a kai su asibiti a ɗora su a kan maganin shanyewar ɓarin jiki na tsawon watanni. Shanyewar ɓarin jiki ba ta warkewa da safe ta dawo da yamma.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne, jijiya tana aika wa tsoka saƙo da wani sinadari mai suna asitilkolin, tsokar kuma tana da 'yan ƙofofin da take karɓar saƙon. A wannan ciwo garkuwar jiki ce take yin kuskure, ta ƙera makaman da ake kira antibodi, su toshe ƙofofin nan su lalata su. Da an motsa tsoka sau da yawa sai saƙo ya kasa isa, ta saki. A takardar gwajin jini za a ga an rubuta AChR, shi ne irin antibodin da ake samu a wajen kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na waɗanda ciwon ya bazu musu a jiki. Akwai wani irin da ake rubutawa MuSK, wanda masu shi ba su da yawa. Iyali su riƙe waɗannan sunaye biyu da kyau, domin mai MuSK ba a ba shi shawarar cire taimus idan babu ƙari, komai ƙuruciyarsa. Aikin ba ya yi masa amfani.

Shi kuwa taimus wani ɗan nama ne mai ɓangare biyu da ke kwance a bayan ƙashin ƙirji, a gaban zuciya da manyan hanyoyin jini. Makaranta ce ta garkuwar jiki: a nan ake koya wa wasu fararen ƙwayoyin jini bambance na gida da baƙo. Yana kai gram 30 zuwa 40 a lokacin balaga, daga nan ya fara yamushewa, kitse yana maye gurbinsa. A jikin budurwa ko matashin da ya kamu da mayasteniya, sau da yawa akan tarar da taimus ya kumbura, yana cike da gungun ƙwayoyin da ke ƙera antibodin nan. Cire shi tamkar rushe maƙerar ce. A jikin ɗan shekara 65 kuwa, abin da likitan tiyata yakan tarar galibi kitse ne da ɗan guntun nama. Maƙerar ta riga ta koma wasu wurare, har da ɓargo. Wannan bambanci shi ne tushen duk wata gardama a kan dattawa.

To, mu dawo kan ƙari. Kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na masu mayasteniya suna da ƙari a taimus, wanda ake kira taimoma, kuma an fi samunsa daga shekara 40 zuwa sama. Saboda haka duk wanda aka tabbatar yana da ciwon, ko ɗan shekara 80 ne, ko ido kaɗai ciwon ya taɓa, ya kamata a yi masa hoton siti-sikan na ƙirji. Hoton eksire na yau da kullum bai wadatar ba, ƙaramin ƙari yakan ɓuya a bayan inuwar zuciya da ƙashi. Idan za a yi allurar ruwan da ke haska hoton, a fara duba ƙoda, a gaya musu idan yana shan metfomin na ciwon suga, a kuma gaya musu yana da mayasteniya, domin jefi-jefi ruwan yakan ƙara raunin. A ƙasarmu kuma ba kowane ƙullutu a wannan wuri ba ne taimoma. Kaluluwar tarin fuka, maƙoƙon da ya gangara cikin ƙirji da dajin kaluluwa duk sukan zauna a nan, shi ya sa mai karanta hoton yake bukatar cikakken labarin majinyaci.

Idan taimoma ne, to shawarar ta yi sauƙi ko da aikin bai yi sauƙi ba: a cire shi, muddin jiki zai iya ɗauka. A nan ana cirewa ne saboda ƙarin kansa. Taimoma yana girma a hankali, amma idan aka bar shi yakan huda ɓawonsa ya kama tantanin zuciya, tantanin huhu, jijiyar numfashi ko manyan hanyoyin jini. Wanda aka cire shi ɗungurungum tun yana cikin ɓawonsa yana da kyakkyawan zato na shekaru masu yawa. Wanda ya riga ya yaɗu yakan bukaci a bi bayan aikin da ƙona wurin da hasken na'ura, wani lokaci har da maganin daji. Ana kuma ci gaba da bibiyar mutum da hoto shekara da shekaru, domin yakan dawo a makare. Abin da muke so iyali su ji tun kafin a shiga ɗakin tiyata shi ne, cire taimoma ba alƙawari ba ne cewa mayasteniya za ta tafi. Da yawa suna ci gaba da shan magani, wasu ma raunin yakan ƙaru na ɗan lokaci bayan aikin. Dattijon da zuciyarsa ko huhunsa suka yi rauni sosai, wanda aikin ya fi ƙarin hatsari a gare shi, ana iya tattauna ƙonawa da haske ko sa ido da hoto, amma wannan hukunci ne na likitoci da yawa a zaune tare.

Inda babu ƙari, a nan ne lissafi yake. Tun 1936 da likita Alfred Blalock ya cire wa wata budurwa mai mayasteniya ƙullutu daga taimus a Amurka ta samu sauƙi, likitoci suka yi ta yin aikin kusan shekara 80 ba tare da gwajin da ya kwatanta waɗanda aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba ta hanyar ƙuri'a. Sai a 2016 aka fitar da sakamakon irin wannan gwaji, wanda ake kira MGTX. Mutum 126 aka ɗauka a cibiyoyi 36 na ƙasashe daban-daban, aka raba su biyu: wasu aka yi musu aiki tare da maganin firednison (ɗan'uwan firednisolon, mai danne garkuwar jiki), wasu maganin kaɗai. Bayan shekara uku, waɗanda aka yi wa aiki sun fi ƙarfi, kuma maganin da suke bukata ya fi kaɗan. Kashi 9 cikin 100 nasu ne aka kwantar a asibiti saboda tashin ciwon, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 37. Kashi 17 nasu ne suka bukaci a ƙara musu wani maganin danne garkuwa mai suna azatiyofirin, a can kashi 48. Wannan sakamako ne mai ƙarfi. Amma a duba su wa aka ɗauka: 'yan shekara 18 zuwa 65, masu AChR, waɗanda ciwon ya bazu musu a jiki, kuma bai kai shekara biyar da farawa ba. Mafi yawansu matasa ne, waɗanda suka haura 50 'yan kaɗan ne, wanda ya haura 65 kuwa babu ko ɗaya. Shi ya sa da ƙwararrun duniya suka sabunta ƙa'idojinsu a 2020, suka ƙarfafa yin aikin da wuri ga 'yan 18 zuwa 50. Daga 50 zuwa 65 sai a duba mutum shi kaɗai. Sama da haka, idan babu ƙari, magani ne kan gaba.

A ganinmu kuskure ne a yi wa dattawa kuɗin goro ta kowane ɓangare. A kwatanta mutum biyu. Na farko malamin makaranta ne ɗan shekara 57 a Samaru, yana hawa keke, yana zuwa gona, zuciya da huhu lafiya. Ciwon ya kama masa hannuwa da wuya da haɗiya shekara biyu da suka wuce, gwaji ya nuna AChR. Duk lokacin da aka rage masa firednisolon sai ciwon ya dawo, ga suga ta fara hawa, ga hawan jini. Wannan mutum, a zauna da shi a yi maganar aiki da gaske, domin yana da shekarun da zai ci ribarsa, kuma maganin da yake sha yana cin jikinsa. Na biyu tsohuwa ce 'yar shekara 74 a cikin birni, fatar ido ce kaɗai take sauka, ƙwaya uku a rana ta riƙe ta, ƙafafunta suna kumbura saboda ciwon zuciya, hoto bai nuna ƙari ba. Buɗe ƙirjin wannan baiwar Allah ɗaukar kasada ce babu riba.

Dalilin da ya sa muke ta ambaton shekarun cin riba shi ne, aikin nan ba sha yanzu magani yanzu ba ne. Ƙwayoyin da suka riga suka koyi ƙera antibodin suna da tsawon rai, suna nan a ɓargo da kaluluwa bayan an cire taimus. Amfanin yakan fara bayyana ne bayan watanni, ya cika a shekara ɗaya zuwa uku. Hatsarin aikin kuwa a makon farko ake biyansa. Matashi ya biya yau ya ci moriya shekara arba'in. Dattijo ya biya da tsada, moriyar kuma ba ta da tabbas kamar ta matashi. Akwai kuma wani binciken da aka fitar daga Boston a 2023, wanda ya lura cewa manyan da aka cire wa taimus sun fi yawan mutuwa da kamuwa da daji cikin shekara biyar idan aka kwatanta su da waɗanda aka yi wa aikin ƙirji aka bar musu nasu. Binciken duba tsofaffin fayil-fayil ne, bai tabbatar da cewa cirewar ce sanadi ba, kuma bai hana aikin ga mai taimoma ko matashi mai AChR ba. Amma ya isa ya sa a daina ɗaukar taimus ɗin babba a matsayin kitsen banza da za a cire don kawai ana iya cirewa.

Sai dai barin mutum da magani ma yana da nasa farashin, kuma a wurin dattijo farashin ya fi tsada. Piridostigmin, wanda aka fi sani da Mestinon, ƙwaya ce mai miligiram 60. Tana fara aiki bayan kamar rabin awa, ta riƙe awa uku zuwa huɗu, shi ya sa ake shan ta minti 30 zuwa 45 kafin abinci ga mai wahalar tauna. Tana ƙara ƙarfi ne kawai, ba ta taɓa tushen ciwon. In ta yi yawa sai murɗawar ciki, gudawa, yawan yawu, gumi da rawar tsoka, bugun zuciya ma yakan ragu. Firednisolon shi ne mai danne garkuwar, amma idan aka fara shi da yawa lokaci guda, ciwon yakan ƙara tsanani a cikin mako biyun farko, don haka ake farawa da kaɗan ana ƙarawa, ko a fara shi mutum yana kwance a asibiti. In an daɗe ana sha sai suga, hawan jini, yanar ido, raunin ƙashi har ƙugu ya karye da ɗan zamewa a banɗaki, da farkar da tarin fuka da ya yi barci a huhu. Azatiyofirin yana taimakawa a rage firednisolon, amma yakan ɗauki wata shida zuwa shekara kafin a ga aikinsa, kuma dole a riƙa gwada jini da hanta. Dattijon da ke shan alofurinol na ciwon gaɓoɓi ya faɗa tun farko, domin haɗa su biyun yana iya durƙusar da ɓargo. Kafin a fara waɗannan magunguna a duba tarin fuka da ciwon hanta nau'in B, waɗanda ba baƙi ba ne a yankinmu. Duk da wannan jerin illoli, abin ƙarfafa gwiwa shi ne mayasteniyar da ta fara da tsufa sau da yawa tana jin magani sosai idan aka bi ta da haƙuri.

Idan shawara ta tsaya a kan aiki, to magana ɗaya ba ta da sassauci: ba a yin sa da gaggawa, kuma ba a yin sa ciwon yana kan ganiyarsa. Mutumin da yake shaƙewa da yawunsa, ko wuyansa ya kasa ɗaukar kansa daga matashi, magani yake bukata da gadon asibiti, ba wuƙa ba. Sai an daidaita shi tukuna. Wanda haɗiya ko numfashinsa ke da rauni akan yi masa ɗaya daga cikin abu biyu kafin aiki: ko ƙarin ruwan imunogulobulin (antibodin da ake tacewa daga jinin masu ba da gudummawar jini), gram 2 a kan kowane kilo na nauyinsa, a raba cikin kwana biyu zuwa biyar, wato gram 120 ga mai kilo 60, ko kuma wankin ruwan jini da na'ura kamar sau biyar. Dukkansu suna da tsada ƙwarai kuma ba ko'ina ake samunsu ba, don haka iyali su tambayi kuɗin tun ranar farko, su kuma bincika abin da inshorar lafiyarsu, ta tarayya (NHIA) ko ta Jihar Kaduna (KADCHMA), ta ɗauka. Imunogulobulin yana iya taɓa ƙoda ko ya jawo daskarewar jini ga tsofaffi, shi ya sa ake sa shi a hankali, ana ba da ruwa isasshe.

Ana kuma gwada ƙarfin huhu ta hanyar hura iska a na'ura. Tun 1980 likitocin sa barci suka lura da abubuwa huɗu da ke nuna wanda zai iya kasa numfashi da kansa bayan aikin: ciwon ya wuce shekara shida, akwai wani ciwon huhu na daban, yana shan piridostigmin fiye da miligiram 750 a rana, wato sama da ƙwaya 12, ko kuma iskar da yake iya hurowa ba ta kai lita 2.9 ba. Ma'aunin ya tsufa, amma har yau yana tuna wa mutum inda zai duba. A ƙara da gwajin zuciya, daidaita suga, barin taba, da tsara yadda za a dakatar da magungunan tsinka jini irin su kulofidogirel da wafarin. Firednisolon kuwa ba a tsayar da shi kwatsam saboda aiki, akan ma ƙara allurar irinsa a ranar.

Likitan sa barci a wannan aiki matsayinsa ɗaya da mai riƙe da wuƙa. Allurar da ake yi don sakin tsoka lokacin tiyata, irin su rokuroniyam da atirakuriyam, ɗan kaɗan ɗinta yana kama mai mayasteniya fiye da kima, ya daɗe bai dawo da numfashinsa ba. Saboda haka ko a rage ta sosai ana auna ta da na'ura, ko a guje ta. Akwai maganin da ke warware rokuroniyam nan take, sugamadeks, yana da kyau a tambaya ko akwai shi. Tambayar da ta fi kowacce ita ce: "Likita, an ajiye wa Baba gado a ɗakin kulawa ta musamman, da na'urar taimakon numfashi mai aiki, da wutar da ba za ta ɗauke ba?" Idan amsar ba ta fito fili ba, a ɗaga ranar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Aiki ne na babban asibitin koyarwa, inda likitan jijiyoyi, likitan tiyatar ƙirji da likitan sa barci suke ƙarƙashin rufi ɗaya. Mu a nan, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ne wurin da ake fara kai irin wannan magana.

Shi kansa aikin ana yin sa ta hanyoyi daban-daban. Tsohuwar hanya, wadda aka bi a gwajin 2016, ita ce a tsaga ƙashin ƙirji a tsaye daga sama zuwa ƙasa, a gama a ɗaure shi da wayoyin ƙarfe da za su zauna a jiki. Sabuwar hanya ita ce a huda ƙananan ramuka biyu ko uku tsakanin haƙarƙari, ko a ƙarƙashin ƙashin ƙirji, a shiga da kyamara. Ta kyamara ta fi sauƙin ciwo, akan sallami mutum cikin kwana biyu zuwa huɗu, kuma ta fi dacewa da dattijo mai suga ko mai raunin ƙashi. Amma babban ƙari ko wanda ya kama maƙwabtansa, tsagawar ta fi aminci, domin fashewar taimoma a cikin ƙirji shuka shi ne. Ko ta ina aka shiga, manufar ɗaya ce: a kwashe taimus gaba ɗaya da duk kitsen da ke kewaye da shi, daga ƙasan wuya har zuwa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, daga jijiyar numfashi ta dama zuwa ta hagu, saboda ɓurɓushin taimus yakan watsu a cikin kitsen. Aikin da aka bar saura shi ne wanda ba ya ba da sakamako. Ƙwarewar hannun da zai yi ta fi sunan hanyar muhimmanci, kuma babu laifi a tambayi likita sau nawa ya yi irinsa.

Abubuwan da kan lalace sanannu ne. Jijiyar numfashi, wadda ake kira firenik, siririya ce kamar zare, tana bin gefen zuciya. In aka yanke ta ko zafin na'urar tsayar da jini ya ƙona ta, rabin tantanin numfashi, wanda ya raba ƙirji da ciki, ya tsaya, kuma ga mai mayasteniya wannan ana kukan targaɗe ne sai ga karaya. Jijiyar murya in ta taɓu, murya ta dushe, shaƙewa ta ƙaru. Akwai babbar hanyar jini da ta gitta a bayan taimus, wadda ƙananan jijiyoyinsa suke zuba a cikinta, in ta yage jini yakan zuba da yawa. Bayan aiki kuma akwai nimoniya, rikicewar bugun zuciya wadda ta fi yawa ga tsofaffi, da ruɓewar ɗinki ko rabuwar ƙashin ƙirji ga mai suga da mai shan firednisolon. Sai babbar, wato ciwon ya taso ya kama numfashi a kwanakin farko.

A nan muna so masu jinya su koyi abu ɗaya. 'Yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa tana iya nuna 97 alhali mutum yana dab da gazawa, domin matsalarsa rashin ƙarfin fitar da gurɓatacciyar iska ce, kuma lambar ba ta faɗuwa sai a ƙurarren lokaci. Gwajin da ya fi ta gaskiya kyauta ne. Majinyaci ya ja numfashi iya ƙarfinsa, ya yi ta ƙirga da murya, lamba biyu a daƙiƙa, har iskar ta ƙare. Tun da ƙirgen Hausa yana tsawo daga goma sha ɗaya, ya riƙa maimaita ɗaya zuwa goma, wani yana riƙe lissafi da yatsu. Mai lafiya yakan wuce 30. Wanda ya kasa kai 20, ko jiya ya kai 28 yau ya tsaya a 17, ko ya kasa kwanciya rigingine, ko tarinsa ya zama marar ƙarfi, a kira likita a lokacin, ko a ɗauke shi zuwa asibiti ko da tsakar dare ne. Kada a ɗura masa ruwa ko koko a wannan hali, huhu zai tafi.

Bayan an dawo gida, wanda aka tsaga wa ƙashi yana bukatar mako shida zuwa takwas kafin ya haɗe, ga tsoho har wata uku. Kada ya ɗauki abin da ya wuce kilo biyar, bokitin ruwa da ɗaukar jika duk a jinkirta. Kada ya dogara da hannuwa wajen tashi. In zai yi tari ya rungume matashi a ƙirji, amma ya yi tarin, domin riƙe majina ne ke kawo nimoniya. Hawa babur ko Keke a hanya mai gargada ya jira. Sallah a zaune ta halatta gare shi har likita ya ce ya iya sujada. In ya ji ƙashin yana ƙas-ƙas, ko ɗinkin yana tsattsafo da ruwa, ko zazzaɓi ya zo, a koma asibiti ranar. Magungunansa na mayasteniya kuwa zai ci gaba da su kamar yadda yake sha, likitan jijiyoyi ne zai rage su sannu a hankali cikin watanni. Zafin watan Maris da Afrilu yana ƙara raunin, ƙurar hunturu tana kawo ciwon ƙirjin da ke tayar da shi. Maganar azumi kuma, ƙwayar da ke riƙe awa huɗu ba za ta kai mutum daga sahur zuwa magariba ba, sai a haɗa likita da malami kafin watan ya kama.

Akwai wani hatsari da yake bin mai wannan ciwo ko an yi masa aiki ko ba a yi ba, kuma a garinmu ya fi wuƙa kusa da shi: maganin da ake saye a kemis ba da takarda ba. Zazzaɓi ya zo, a ce taifot ne, a ba shi sifirofuloksasin. Ko a ce maleriya ce, a yi masa ƙarin ruwan kwinin ko a ba shi kulorokwin. Ko tari ne, a yi masa allurar jentamaisin ko a ba shi azitiromaisin. Duk waɗannan suna ƙara toshe saƙon jijiya zuwa tsoka, kuma suna iya kai mai mayasteniya ga na'urar numfashi cikin kwana ɗaya ko biyu. Haka allurar magniziyam, da furofaranolol na hawan jini, da ɗigon ido na timolol da ake ba masu hawan jinin ido, da diyazefam na barci wanda ke danne numfashi. Kowane ɗaya yana da madadi, ko kuma hanyar ba da shi ƙarƙashin kulawa idan ya zama dole.

Muna ba da shawarar a sa likitansa ya rubuta sunan ciwon, sakamakon gwajin antibodi, magungunan da yake sha da adadinsu, da sunayen waɗannan da za a guje wa, a takarda ɗaya. A yi mata leda, ta zauna a aljihun gaban rigarsa, a ɗauki hotonta a wayar babban ɗansa da ta matarsa. Duk inda aka je, kemis ne a Sabon Gari, asibitin haƙori ne ko na ido, kafin a karɓi ƙwaya ko a miƙa hannu ga allura, ɗan rakiya ya fito da ita ya ce, "Ranka ya daɗe, Baba yana da mayasteniya, a duba wannan takarda tukuna."

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiya,
Zariya, Jihar Kaduna.